Aiki a jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa: ana ganin duniya kuwa, ko hange ne kawai?

Sagir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki a manyan jiragen ruwan nan masu ɗaukar 'yan yawon shaƙatawa. Na yi intabiyu sau biyu, Allah ya sa na dace, har an ba ni zaɓi: ko mataimaki a kicin, ko mataimakin mai gyaran ɗakunan fasinja. Kwantiragin wata takwas ne. Ba zan ɓoye muku ba, ganin ƙasashe ya fi ja na a kan albashin. An nuna min jadawalin jirgin: Basalona, Roma, Napoli, tsibiran Girka, in sanyi ya shigo kuma ya tsallaka Karibiyan. Tambayata, ma'aikaci yana samun sauka ya zaga garuruwan nan, ko fasinjoji ne kaɗai ke morewa?

Yaya Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni gyaran ɗaki nake yi, wannan ne kwantiragina na bakwai, yanzu haka ma daga cikin jirgi nake rubuto maka. Da farko ka cire ranar hutu daga ranka, babu ita. Daga ranar da ka taka jirgi har ranar da ka sauka da jakarka kullum aiki ne, Asabar da Lahadi da Laraba duk sunansu ɗaya. Awannin hutu muke da su. Ni ina farawa wajen takwas na safe, in gama ɗakunana wajen ɗaya da rabi, in koma ƙarfe biyar na yamma har tara da rabi ko goma na dare. To wannan ratar da ke tsakani, awa uku da rabi, ita ce Basalonarka, ita ce Romarka, ita ce kuma barcinka. Ɗaya za ka zaɓa.

Sagir: Yaya Habu, ai awa uku ba kaɗan ba ce. Mutum zai ga wani abu.

Yaya Habu: A Napoli, ƙwarai kuwa. Jirgi a bakin gari yake tsayawa, kana sauka ga tsohuwar fadar Castel Nuovo a gabanka, minti goma kana tsakiyar tituna. Basalona ma ba laifi, bas ɗin tasha zai sauke ka kusa da gunkin Kolumbus, a ƙasan titin La Rambla. Amma Romar da ka gani a jadawali, ka sani babu jirgin irin namu da ke zuwa Roma. Civitavecchia ake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. Yi lissafi da kanka. Ka cire kayan aiki, ka bi layin fita, ka hau bas zuwa ƙofar tasha, ka taka zuwa tashar jirgin ƙasa, sannan sama da awa ɗaya kafin ka isa Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma. Kana isa sai juyowa, in ma ka isa. Ana cewa hangen Dala ba shiga birni ba, to wannan ko hangen babu. Damina biyu na yi ina zuwa "Roma" duk mako, abin da na sani a can wani benci ne a bakin ruwa da kantin da nake sayen sabulu. Haka Livorno, ita ake rubutawa Florence da Pisa.

Anti Rabi: Habu, kada ka kashe wa yaron nan gwiwa tun bai tashi ba. Sagir, ka saurare ni. Ni na je Roma ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Na shiga Kolosiyam, tsohon filin wasan Romawa, na tsaya a dandalin San Pietro, na je Pompei na ga garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, har sawun ƙafafun keken doki yana nan a kan duwatsun titi. Sirrin kuwa ba wayo ba ne, sashen da nake ne. A kantunan cikin jirgi na yi aiki shekara huɗu. Dokar kwastan ba ta barin a buɗe kantunan nan muddin jirgi yana tasha, haka ma gidan caca. Saboda haka da an ɗaure jirgi da safe mu mun tashi, sai ya bar tasha da yamma mu buɗe har tsakar dare. Ranar da jirgi ya wuni a teku kam mukan gane kurenmu, tsaye daga safe har dare, amma ranar tasha tamu ce.

Yaya Habu: Anti, ai kin ƙara min hujja. Yaron nan ba kanti aka ba shi ba. Kicin ko ɗaki aka ce.

Anti Rabi: Gaskiyarka. To Sagir, in dai tsakanin waɗannan biyun ne kuma sauka kake so, ɗaki ya fi. 'Yan kicin su ne na fi tausayi a jirgi. Wanda ke wanke tukwane zai iya yin wata guda bai ga rana ba. Da yawansu in sun samu awa biyu, gado suke nufa kai tsaye, ko takalmi ba sa tsayawa cirewa.

Ɗan Baba: Ni fa ban taɓa hawa ko kwalekwale ba, amma abin da nake ji daga bakinku bauta ce aka shafa wa mai. Wata takwas babu hutun yini ɗaya? Ku kwana ƙarƙashin ruwa, masu kuɗi suna sama suna shan iska, sannan ku ce kuna yawon duniya? Ba doka a teku ne?

Malam Iro: Akwai doka, Ɗan Baba, kuma gara Sagir ya san ta tun yana tudu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar ma'aikatan teku a 2006, ana kiranta MLC, ta fara aiki a watan Agusta na 2013. A cikinta an ce hutun ma'aikaci kada ya gaza awa 10 a cikin kowace awa 24, kuma kada ya gaza awa 77 a kwana bakwai. Ba a raba hutun fiye da gida biyu, ɗaya daga ciki kuma dole ya kai awa shida. Ba a barin mutum ya cika wata 12 a jirgi ba a mayar da shi gida ba, kuma kamfani ne ke biyan kuɗin komawar. Sauka a tasha ma an ambace shi a matsayin haƙƙi, gwargwadon yadda aikin mutum ya bari. Sai dai ka lura, babu inda aka ce a ba ka yini guda cur a mako. Kwana bakwai awa 168 ne, cire 77, saura 91. Ka ga ke nan mutum zai iya aikin awa goma sha ɗaya kullum har wata takwas, ba a taka doka ko ɗaya ba.

Wani abu kuma, Sagir, tunda maganar doka ta taso. Yarjejeniyar ta hana ejan karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci don ya samo masa aiki. Fasfo, littafin ma'aikacin teku da takardar gwajin lafiya su ne kawai za su iya faɗawa kanka. Duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya ba ka gurbi, ka riƙe aljihunka.

Sagir: Na gode Malam. Ba a nemi ko sisi a wurina ba, alhamdu lillahi. Horon ma'aikatan teku da ake kira STCW kawai aka ce in yi, na kuma gama: kashe gobara, ceton kai a ruwa, taimakon gaggawa da sauransu. Yanzu bizar Amurka ta ma'aikatan jirgi nake jira, C1/D.

Ɗan Baba: To Malam, awa 91 fa ka ce. Ai maganata ta fito.

Injiniya Lawal: Bari tsoho ya sa baki. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a ɗakin injin, rabi a jiragen dakon kaya, rabi a na fasinja, yanzu na ajiye. Ɗan Baba, ba ka yi ƙarya ba, aikin akwai wuya. Amma kalmar bauta ta yi nauyi. Mutum da ƙafarsa yake zuwa, da hannunsa yake sa hannu, kuma ba ya biyan haya, ba ya biyan wuta, ba ya sayen abinci. Na zauna da 'yan Filifin da 'yan Indiya da 'yan Indunusiya, su ne suka fi yawa a wannan sana'a, na ga waɗanda suka gina gida suka ilimantar da 'ya'ya da ita. Ba wanda ya zo don kallon gari a cikinsu. Shi ya sa maganar Sagir ta ɗan ba ni tsoro. Ɗana, wanda ya shiga jirgi don kuɗi, in ya ga gari riba ce. Wanda ya shiga don ganin gari, watan farko yake fara ƙirga kwanaki.

Mu 'yan injin ranar tasha ita ce ranar aikinmu. Injin da ke juyawa ba a buɗe cikinsa, sai jirgi ya tsaya. Ranar ake shan mai, ranar ake karɓar kayan gyara, ranar masu bincike ke hawowa. Na je tashoshin da in ka tambaye ni launin gininsu ban sani ba, amma zan gaya maka wane famfo muka kwance a wurin.

Anti Rabi: Baba Injiniya, ranka ya daɗe, amma ai kai ma ba za a rasa abin da ka gani ba.

Injiniya Lawal: Na gani, 'yata. Mashigin Panama. Na gama duti da asuba, maimakon in kwanta sai na hau can gaban jirgi, inda aka ware wa ma'aikata. Aka shigar da mu cikin wani akwatin kankare, bango dama bango hagu, tazarar da ke tsakaninmu da bangon ba ta wuce ka miƙa sanda ka taɓa ba. Wasu ƙananan jiragen ƙasa a gefe biyu suna riƙe da mu da igiyoyin ƙarfe don kada mu gogi bango. Aka rufe ƙofa ta baya, ruwa ya fara kwararowa ta ƙasa, ba famfo ba komai, gangarowa kawai yake daga tafkin Gatun. Sai ga jirgi ɗungurungum yana tashi sama kamar ana ɗaga tire. Tun 1914 abin nan yake aiki a haka. Ni da na ƙare rayuwata a kan famfo, na tsaya baki buɗe. Ka ga wannan ko sauka ban yi ba.

Maryam Nas: Sannunku. Ni a asibitin cikin jirgi nake, kwantiragi na uku. Akwai abin da ba a gaya wa Sagir ba tukuna, wato IPM. Ko jirgi yana ɗaure a tasha, dole wani adadi na ma'aikata su zauna a ciki saboda ko-ta-kwana, in gobara ta tashi ko wani abu ya faru a samu masu kwashe mutane. Juyawa ake yi. Ranar da ya faɗo kanka, ko awa shida gare ka ba ka fita, na'urar bakin ƙofa ma ba za ta karɓi katinka ba. Kuma abin kamar da gangan, ranar tashar da ka fi ƙwallafa rai a kanta yake faɗowa. Ana iya musanya da aboki in shugaban sashe ya yarda, shi ya sa zaman lafiya da mutane jari ne a jirgi.

Ga kuma atisaye. A jirgin fasinja duk mako sai an yi na gobara da na barin jirgi, kuma yawanci da safe ake yi a tasha, bayan fasinjoji sun fita. Ka ji jiniya gajeru bakwai da doguwa ɗaya, ka ɗauki rigar ceto ka nufi wurin tsayuwarka. Aikin safe ya ja baya, awa guda ta tafi daga cikin ukun da Yaya Habu ya lissafa maka.

Ɗan Baba: Duk mako? Ai wannan ɓata lokaci ne. Jirgi kamar unguwa guda me zai same shi?

Malam Iro: Haka mutanen Costa Concordia suka zata. Ranar 13 ga Janairun 2012 ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu. Kuma daga Civitavecchiar nan da Habu ke zama a benci ya tashi a daren. Fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba. Bayan haka ne aka gyara dokar SOLAS ta kare rayuka a teku, aka ce a yi wa fasinja atisaye kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Girman jirgi kuwa ai shi ne dalilin atisayen. Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Wa zai sauke wannan jama'a cikin dare in ba masu gyaran ɗaki da masu wanke tukwane ba?

Ɗan Baba: Na janye wannan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yaya Habu: Amin. Sagir, tunda na ga ka ƙudura sai ka sauka, bari in ba ka labarin da zai amfane ka fiye da duk abin da na faɗa. A Cozumel ne, tsibirin Meziko, lokacin zafi. Jirginmu daga Miyami yake tasowa kuma agogon Miyami yake bi duk tafiyar. Su kuwa mutanen Cozumel ba sa matsar da agogonsu da bazara, saboda haka suna bayanmu da awa ɗaya. Na fita da abokin ɗakina, sabon zuwa, muka hau tasi zuwa cikin garin San Miguel. A bakin ƙofa an kafa allo, ma'aikata su dawo ƙarfe huɗu, don mu kullum ana sa mana lokaci kafin na fasinja. Ni na juyo da wuri saboda dutina na yamma. Shi ya ce zai ɗan ƙara zagawa, ai ƙarfe biyu ce kawai. Ban kawo komai a raina ba. Ashe wayarsa ta kama layin garin ta koma agogonsu, ni kuwa na hannu nake dubawa.

Huɗu ta yi, babu shi. Huɗu da kwata aka fara kiran sunansa a lasifika. Ina tura keken tawul a hawa na takwas, gabana yana faɗuwa. Na leƙa ta barandar wani ɗaki da nake gyarawa, na ga an janye gadar ma'aikata, saura ta fasinja ɗaya, ga jami'in tsaro tsaye da ambulan a hannu. Fasfo ɗinsa ne a ciki, za a miƙa wa ejan ɗin tasha, wato wakilin jirgi a garin, don in jirgi ya bar ka haka ake yi. Can sai ga shi a guje a kan doguwar gadar nan ta kankare, leda a hannu, takalmi ɗaya ya fita, fasinjoji a baranda suna tafi suna ihu kamar ana tsere. Ya shiga da ƙyar. Washegari aka kira shi gaban mataimakin kyaftin, aka ba shi gargaɗi a rubuce, aka hana shi sauka na wani lokaci. Ya yi sa'a. Da jirgin ya tashi, shi zai biya kuɗin bin sa zuwa tasha ta gaba, kuma da wuya aikin ya tsira.

Sagir: Innalillahi. Yaya, wato jirgi ba ya jiran ma'aikacinsa?

Yaya Habu: Fasinjan da ya biya kuɗi ma ana barinsa, balle kai. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Kafin ka fita ka ɗauki hoton allon nan, ka kuma rubuta lambar ejan ɗin tasha a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Anti Rabi: Nawa ya faru a Santorini, amma ba agogo ba ne, layi ne. Can babu inda babban jirgi zai ɗaure, a tsakiyar ruwa yake tsayawa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. A irin wannan tasha fasinja ne farko, ma'aikaci sai an ce layi ya yi sauƙi, wani lokaci sai sha ɗaya ko sha biyu. Garin Fira kuma yana can ƙolin dutse. Ko ka hau motar igiya, ko ka bi matakala kusan ɗari shida da jakuna ke hawa da sauka. Hawa lafiya lau. Na sha kallo, fararen gidaje, teku shuɗi har ƙarshen gani, jirginmu a ƙasa kamar abin wasan yara. Da na zo saukowa sai na tarar da layin motar igiya ya miƙe har ya sha kwana, jirage huɗu ne a ruwa ranar. Na duba agogo, na duba layi, na tattare siket na bi matakala. Duwatsun sun sha goguwa, ga santsi, ga kashin jaki, ga jakunan kansu suna matse ka da bango. Na isa ƙasa gwiwoyina suna rawa, na kama jirgin ƙarshe na ma'aikata, na yi wanka na tsaya a kanti har sha biyun dare ina yi wa mutane murmushi. Amma ka tambaye ni ko na yi nadama. Ko kaɗan.

Maryam Nas: Anti, ni kuwa a asibiti nake ganin sakamakon. Sabbin zuwa watan farko ba sa barin tasha ko ɗaya ta wuce su. Sati na biyar sai ga su da ciwon kai, jiri, ƙafa a kumbure, wani ya yanke hannu, wani ya zame a matakala. Jiki magayi. Ɗakin ma'aikata ba taga, mutum biyu, gado sama da ƙasa, in ka kashe fitila ba ka san dare ba ka san rana ba, ga ƙarar injin, ga abokin ɗaki da lokacin aikinsa ya saɓa da naka. Barcin dare ba ya isa, na rana shi ke cike giɓin. Wanda ya sayar da shi kullum don yawo, jikinsa zai karɓi bashinsa. Ni shawarata ga duk sabon zuwa: tasha ɗaya ko biyu a mako, sauran ka kwanta.

Kuma in faɗi gaskiya, yawancinmu in mun sauka ba kallon gari ke fitar da mu ba. Ka je Juneau a Alaska, garin da babu titin da ya haɗa shi da sauran ƙasa, sai ta ruwa ko ta sama. Fasinjoji suna tururuwa zuwa dutsen ƙanƙara na Mendenhall, mu kuwa ka same mu jere a inda intanet ke da ƙarfi, kowa da abin ji a kunne, wannan yana dariya da yaren Tagalog, wancan tana share hawaye tana yi wa jaririnta wasa ta waya. Yanzu intanet ɗin cikin jirgi ya gyaru tun da aka fara sa Starlink, mai aiki da tauraron ɗan adam, amma da can awa biyun nan na tasha su ne kaɗai lokacin ganin fuskar iyali. Cibiyoyin ma'aikatan teku irin na Mission to Seafarers da Stella Maris sun yi mana rana a tashoshi da yawa, wurin zama, intanet, wani lokaci har mota zuwa gari.

Ɗan Baba: To ku tsaya. Ɗaya ta ce a fita, ɗaya ta ce a kwanta, Yaya Habu ya ce benci, Baba ya ce famfo. Yaron nan wa zai bi?

Yaya Habu: Duka gaskiya muka faɗa, kowa inda yake tsaye yake ba da labari. Kuma kada a ɗauka ni ban more ba. Akwai abin da muke da shi wanda fasinja ba shi da shi. Shi sau ɗaya zai zo, a zuba shi a bas, a nuna masa wuri biyar cikin awa shida, ya koma gida da hotuna. Ni jirgina yana maimaita hanya ɗaya duk mako har wata shida. Valletta ta Malta na shige ta fiye da sau ashirin, awa bibbiyu. Zuwan farko lif ɗin Barrakka kawai na hau, na zauna a lambun sama ina kallon tashar. Na biyu na bi titi ɗaya har ƙarshensa. Na uku na bi na kusa da shi. Kafin kaka ta yi na san inda inuwa take da ƙarfe biyu, na san lungun da ke yanke hanya zuwa tasha, wani tsoho mai gyaran agogo yana ɗaga min hannu in na wuce. Ban san tarihin garin kamar mai rakiyar baƙi ba, amma in ka sauke ni a can yau ba zan tambayi kowa hanya ba.

Roma ma daga baya na je. Na roƙi wani ɗan Indunusiya ya riƙe min ɗakunana na yamma, ni kuma na riƙe masa nasa a Napoli, shugabar sashe ta sa hannu. Sau ɗaya a kwantiragi, amma na je.

Anti Rabi: Ga wata dabara kuma. Ofishin da ke shirya wa fasinjoji yawo yakan nemi ma'aikacin da zai raka bas, ya ƙirga mutane, ya rubuta rahoto in an dawo. Kyauta za ka je. Da haka na ga kangon birnin Afisa daga tashar Kusadasi ta Turkiyya. Ka je ka rubuta sunanka tun satin farko, ka kuma riƙa gaishe su.

Malam Iro: Ƙari biyu daga gare ni. Jadawali ba alkawari ba ne. Iska tana hana shiga tasha, kamfani yana iya mayar da kai wani jirgin, hukuma ma tana canza doka. Tun Agustan 2021 Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 bi ta tsakiyar Venice, yanzu wasu a Marghera suke tsayawa, wasu har Ravenna ko Trieste, amma sunan Venice yana nan a talla. Na biyu, akwai tashoshin da fasfo ɗinka ne zai yanke hukunci, abokin ɗakinka ya fita kai a ce ka zauna. Ka tambayi ofishin ma'aikata tun da wuri don kada ka sa rai a banza.

Maryam Nas: Mu da muka ga 2020 mun san wannan. Daga tsakiyar Maris aka tsayar da jirage saboda korona, dubban ma'aikata suka yi watanni a kan ruwa suna hangen fitilun gari. Ko da aka dawo aiki a 2021, an daɗe fasinja yana sauka mu ba ma sauka.

Injiniya Lawal: Ɗana Sagir, tsallaka Atlantika da ka ambata, ka shirya mata. Kwana shida ko bakwai ba tudu. Daɗinta ɗaya, tunda yamma za ku nufa, kusan kowane dare ana mayar da agogo baya da awa guda, barci ya ƙaru. In bazara ta zo za ku dawo gabas a karɓe abin da aka ba ku, awa bayan awa. A nan ake gane mai haƙuri.

Sagir: Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na yanke shawara, gyaran ɗaki zan karɓa, gobe zan tura musu amsa. Roma kuma na sa ta a sau ɗaya, in Allah ya yarda, sauran in bi tsarin Anti Maryam. Me zan saya kafin tafiya wanda ba a rubuta a takardarsu ba?

Anti Rabi: Takalmi baƙi mai taushin ciki wanda ba ya santsi, ƙafa biyu, ka fara sa su tun yanzu su saba da ƙafarka. Da abin toshe kunne.

Ɗan Baba: Da hoton benci na Civitavecchia, ka turo mana mu ga inda Yaya Habu ya yi damina biyu.

Yaya Habu: Ɗan Baba, Allah ya shirye ka. Sagir, agogon hannu, mai araha, mai allura, wanda ba ruwansa da intanet. Ranar da ka hau ka saita shi da na jirgi. In ka iso Miyami ka yi min magana, wataƙila jiragenmu su haɗu ranar Asabar, ko da yake ranar sauke fasinja da ɗaukar sababbi ce, da wuya ɗayanmu ya ga waje. Bari in tashi, biyar saura minti goma, ɗakuna goma sha takwas suna jirana.